Cece-kucen masu kallo kan zaɓen jaruman fina-finan Batman

Cece-kucen zaɓen jarumi shi ne ƙorafin da masoya ke tayarwa idan kamfanin fim ya sanar da wanda zai fito a matsayin gwarzon da suka daɗe da sani a mujallun labarai masu zane. A fina-finan Amurka ba wanda abin ya fi bibiya kamar Batman, wanda kamfanin DC ya fara bugawa a 1939, kuma Warner Bros. ke shirya fina-finansa. Yawanci tun ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba ake fara surutun, kuma hujjar masu ƙorafi ba ta cika wuce fim ɗin da suka taɓa ganin jarumin a ciki ba.

Michael Keaton, 1988

Lokacin da darakta Tim Burton ya ɗauki Michael Keaton, jama'a ɗan barkwanci suka san shi, saboda Mr. Mom na 1983 da Beetlejuice na 1988. Ga shi ba dogo ba, ba kuma mai ƙirar ƙarfi ba. Masoya sun ji tsoron a mayar musu da Batman abin dariya, irin na shirin talbijin na shekarun 1960 da Adam West ya jagoranta. Ba intanet a hannun jama'a a lokacin, don haka wasiƙu suka riƙa aikawa, an kuma ruwaito cewa kimanin 50,000 ne suka isa ofishin Warner Bros. Maganar ta kai har shafin farko na jaridar Wall Street Journal. Kamfanin bai sauya jarumi ba. Sai ya gaggauta fitar da gajeren tallan fim ɗin don a ga duhunsa da rashin wasansa. Da fim ɗin ya fito a watan Yunin 1989 ya tara sama da dala miliyan 400, kuma da Keaton ya sake sa rigar a The Flash na 2023, da murna aka tarbe shi.

Heath Ledger, 2006

Wannan karon ba a kan Batman aka yi rigimar ba, a kan bos ɗin fim ɗin ne, wato Joker. Heath Ledger ɗan Ostireliya ne da aka saba gani a fina-finan soyayya, kuma mutane da yawa sun ɗauka ba wanda zai gaji Jack Nicholson, wanda ya fito a Joker a fim ɗin 1989, a wannan rawa. Ledger ya rasu ranar 22 ga Janairun 2008 a birnin New York yana da shekara 28, wata shida kafin fitowar The Dark Knight na Christopher Nolan. A 2009 aka ba shi kyautar Oska ta mataimakin jarumi bayan rasuwarsa. Tun daga nan sunansa ya zama amsar da ake jefa wa duk mai saurin yanke hukunci.

Zamanin soshiyal midiya

An sanar da Ben Affleck a matsayin Batman a watan Agustan 2013. Cikin 'yan kwanaki dubban mutane suka sa hannu a takardar koke a shafin Change.org, wasu ma suka kai nasu koken shafin fadar White House, aka cire shi. Laifinsa a wajensu shi ne fitowarsa a fim ɗin Daredevil na 2003, ko da yake a farkon shekarar 2013 fim ɗinsa Argo ya ci Oska. Da Batman v Superman ya fito a 2016 masu sharhi sun caccake shi, amma da yawansu ba su ɗora wa Affleck laifin ba. Robert Pattinson ma ya sha irin wannan a 2019 saboda Twilight, kafin The Batman na 2022 ya samu karɓuwa.

Ba kullum masu kallo ke kuskure ba. Hoton Jared Leto na farko a matsayin Joker, jiki duk zane, ya sha suka a 2015, kuma fitowar Suicide Squad a 2016 ba ta sauya ra'ayin mafi yawa ba.

Akwai kuma nau'in ƙorafin da ba na iya wasa ba ne, na launin fata ne ko jinsi, kuma ya fi fitowa a fina-finan da ba na Batman ba. Idris Elba ya gamu da shi a Thor na 2011, haka Michael B. Jordan a Fantastic Four na 2015. A 2019, bayan an yi wa Captain Marvel na Brie Larson taron dangi tun bai fito ba, shafin Rotten Tomatoes mai tattara sharhin fina-finai ya hana rubuta sharhin masu kallo a kan fim kafin a fara haska shi a silima.