Zakarun Gasar Sukuwa ta Grand National

Grand National gasar sukuwa ce ta tsallake shingaye da ake yi duk shekara, galibi a watan Afrilu, a filin Aintree da ke kusa da birnin Liverpool a Ingila. Nisanta ya kusa kilomita 7, kuma dawakai kan tsallake shinge 30 a zagaye biyu. Wani doki mai suna Lottery ne ake lissafawa a matsayin zakaran farko, a 1839. Tun 1843 ake ɗora wa kowane doki nauyi gwargwadon ƙarfinsa, shi ya sa da wuya doki ya maimaita nasara.

Red Rum kaɗai ya taɓa cinye gasar sau uku: 1973, 1974 da 1977, kuma a shekaru biyun da ke tsakani na biyu ya zo. Mai horar da shi, Ginger McCain, a kan yashin bakin teku na Southport yake fitar da shi atisaye. A 1973 wani doki mai suna Crisp ya ba shi rata mai nisa, amma nauyi ya gajiyar da Crisp ɗin, Red Rum ya sha gabansa dab da layin ƙarshe. Da ya mutu a 1995, a gefen wannan layin aka binne shi. Bayansa ba wanda ya ci sau biyu a jere sai Tiger Roll, a 2018 da 2019.

Sau da yawa ba gudu ke ba da nasara a nan ba, tsayuwa da ƙafa ce. A 1928 dawakai 42 suka tashi, biyu suka kai, Tipperary Tim ya yi na ɗaya. A 1967 wani dokin da ya riga ya kayar da mahayinsa ya gitta a shinge na 23, dawakai suka cakuɗe. Foinavon, da ke can baya ba mai sa masa rai, ya samu kafa ya wuce. Yau shingen sunansa yake amsawa.

Ba a yi gasar ba daga 1941 zuwa 1945 saboda yaƙi, haka a 2020 saboda korona, ta 1993 kuwa soke ta aka yi don an yi kuskure wajen tashi. Rachael Blackmore ce mace ta farko da ta ci a matsayin mahayiya, a kan Minella Times, a 2021.