Binciken cututtukan hormon a asibiti da ɗakin gwaji

Hormon wani sinadari ne da wata gaɓa ke tsattsafo da shi kai tsaye cikin jini, jinin ya ɗauke shi zuwa wata gaɓar da ke nesa, ya sa ta ƙara himma ko ta sassauta. Gaɓoɓin da ke wannan aiki su ne likitoci ke kira giland. Manyansu su ne fitutari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda bai fi ƙwayar wake girma ba. Tayiroid a gaban wuya. Faratayiroid guda huɗu da ke manne a bayansa suna daidaita kalsiyam. Adirenal biyu a saman ƙoda. Fankiriyas a bayan tumbi. Sai ƙwan mace da 'ya'yan marainan namiji. Cuta na samuwa idan hormon ya yi yawa, ko ya yi ƙaranci, ko kuma yana nan amma jiki ya daina amsa masa.

Wahalar wannan fanni ita ce alamominsa sun yi kama da na cututtuka barkatai. Kasala, rama, ƙiba, faɗuwar gaba, rikicewar al'ada, rashin haihuwa, duk ana iya ɗora su a kan shawara ko taifod ko damuwa. Ido kaɗai ba ya raba gardama, dole sai an haɗa da gwajin jini.

Yadda fannin ya samu

A shekarar 1902 Bayliss da Starling suka gano sikiritin, wani sinadari da hanji ke saki cikin jini, a Landan, a 1905 kuma Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan hormon. Edward Kendall ya ware hormon ɗin tayiroid a Amurka a 1914. A 1921 Banting da Best suka samar da insulin a Toronto ta Kanada, aka fara yi wa mai ciwon suga allurarsa a watan Janairun 1922. Duk da haka auna hormon a cikin jini ya ci gaba da gagara, saboda adadinsa ƙanƙani ne ƙwarai, har sai da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da dabarar yin hakan wajen 1959 zuwa 1960. Yalow ta samu kyautar Nobel a 1977. Injinan da ke ɗakunan gwaji na Jos da Abuja a yau, jikokin wannan dabara ne.

Yadda ake karanta gwaji

Ba a auna hormon shi kaɗai a yanke hukunci. Fitutari na sakin wani hormon da ake kira TSH domin ya zaburar da tayiroid. Idan tayiroid ya samar da isasshen hormon ɗinsa, wato T4, sai fitutari ya rage sakin TSH. Saboda haka TSH mai yawa na nuna tayiroid ya yi rauni, TSH da ya faɗi ƙasa kuma na nuna yana aiki fiye da kima. Marasa lafiya da yawa na fahimtar takardar sakamako a baibai saboda wannan. A mafi yawan ɗakunan gwaji ana ɗaukar TSH 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai ga babban mutum, amma mai juna biyu tana da nata ma'aunin.

Lokacin ɗibar jini ma na da tasiri. Kotisol, hormon ɗin adirenal, yana kai ƙololuwa da sassafe ya sauka da dare, shi ya sa ake ɗibarsa wajen ƙarfe takwas na safe. Hormon ɗin haihuwa na mace kuwa sai an san rana ta nawa take a zagayen al'adarta. Ƙwayoyin bayotin da ake sha domin gyaran gashi da farce suna iya rikita wasu injinan, su ba da sakamakon tayiroid na ƙarya.

Maƙoƙo a Filato

Tayiroid ba ya iya ƙera hormon sai da sinadarin aidin. Babban mutum na bukatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, nesa da teku, kuma ruwan sama ya daɗe yana wanke aidin daga ƙasar irin waɗannan wurare, don haka amfanin gona da ruwan sha ba su da shi sosai. Idan aidin ya yi ƙaranci sai TSH ya dinga matsa wa tayiroid lamba, shi kuma ya kumbura. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo, kuma ya fi kama mata. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba yana ƙara dagula lamarin, domin yana barin wani sinadari a jiki da ke hana tayiroid ɗaukar aidin. Bincike a Darfur ta Sudan ya nuna dogaro da gero kaɗai ma na iya taimaka wa maƙoƙo inda aidin ya riga ya yi ƙaranci.

A shekarun 1980 da 1990 masu bincike daga Jami'ar Jos sun shiga ƙauyukan Filato suna duba wuyan jama'a suna ɗibar jini, suka tabbatar maƙoƙo ya yawaita a wasu yankunan karkara. Aikin kansa ba shi da wuya: mai dubawa ya ɗora yatsu a gindin wuyan yaro, ya ce masa ya haɗiyi yawu, domin tayiroid na hawa sama idan an haɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abin mataki uku: babu kumburi, ana jin sa da hannu amma ba a gani, sai wanda ake gani da ido. Idan masu maƙoƙo suka kai kashi 5 cikin ɗari na yaran makaranta, ya zama matsalar al'umma. Yau an fi dogara da auna aidin a fitsarin yara, inda matsakaicin maikurogiram 100 zuwa 199 a lita ke nuna wadata.

Binciken ƙasa baki ɗaya na 1993 ya samu maƙoƙo a kusan kashi 20 cikin ɗari, a wannan lokacin ne kuma Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka amince ta cimma wannan buri. Masu sa ido na ɗiga wani ruwa a kan gishiri, idan ya rikiɗe shuɗi zuwa shunayya to akwai aidin. Gishirin da aka zube a faranti a kasuwa, rana na dukansa damshi na shigarsa, yana asarar wani ɓangare na aidin ɗinsa. Kumburin wuya ma shi ne ƙaramar illa. Babbar ita ce ta ƙwaƙwalwar ɗan tayin da uwarsa ba ta samu aidin ba, wadda ba ta gyaruwa daga baya.

Ciwon suga da matsalar sikila

Ciwon suga ne ya fi cika ɗakin likitan hormon. Ana tabbatar da shi idan suga ya kai milimol 7.0 a lita bayan awa takwas ba a ci komai ba (ruwa zalla ba ya ɓata wannan gwajin), ko 11.1 bayan awa biyu da shan giram 75 na gulukos, ko kuma HbA1c ya kai kashi 6.5. Wannan na ƙarshen yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, domin jan ƙwayar jini na rayuwa kusan kwana 120. A jikin mai sikila ƙwayoyin na mutuwa tun kafin lokacin, don haka ba a dogara da shi. Ko mai jinin AS, wasu injinan na ba shi sakamako mai kuskure. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke da AS, ya kamata kowane ɗakin gwaji ya san irin injin da ke hannunsa, kuma wannan na cikin wuraren da binciken cikin gida ya fi amfani a kan kwafo ma'aunin Turai.

Cutar da ake saye da kuɗi

Mayukan bilicin da dama na ɗauke da sitiroid (magani mai aiki irin na kotisol) mai ƙarfi irin su kulobetasol, haka ma wasu ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe suna ɗauke da dekzametason. Daɗewa ana amfani da su na kawo kumburin fuska, tumbi ya fito ƙafafu su sirance, fata ta yi laushi ta tsattsage, hawan jini da suga su biyo baya. Likitoci na kiran wannan yanayi da sunan Harvey Cushing, wanda ya fara bayyana shi. Abin da ya fi haɗari shi ne adirenal kan daina aiki saboda jiki na samun sitiroid daga waje, idan aka daina farat ɗaya jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Mace ba kasafai take lissafa man shafawa cikin magungunan da take amfani da su ba, sai likita ya tambaya da kansa.

Tarin fuka ma na lalata adirenal, kamar yadda Thomas Addison ya bayyana a 1855. Macen da ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa kuwa fitutarinta na iya lalacewa: nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, kasala ta zauna mata shekaru. Harold Sheehan ya bayyana wannan a 1937, kuma har yanzu ana ganinsa a inda ake haihuwa a gida ba tare da hanyar ƙarin jini ba.

Inda ake aikin

A Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ne babbar cibiyar duba irin waɗannan cututtuka. A Abuja akwai Asibitin Ƙasa, wanda ke da sashen magani da sinadaran nukiliya, fannin da ke amfani da aidin mai haske wajen ɗaukar hoton tayiroid da rage ƙarfinsa, sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Sinadaran gwaji daga waje ake shigo da su, suna bukatar firiji da wutar da ba ta yankewa, kuma farashinsu na bin dala. Gwajin tayiroid na jarirai, wanda ake yi da ɗigon jini daga dunduniya a kwanakin farko, bai zama ruwan dare a asibitocin Najeriya ba, alhali kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haifarsa da raunin tayiroid, kuma idan aka fara ba shi ƙwayar lebotayiroksin a makonnin farko ƙwaƙwalwarsa kan girma lafiya.