Waiwaye: Tun yaushe ake takaddama kan kirkin mai cewa "ban sani ba"?

Ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2021 ta nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na mutanen yankin ba su jingina kansu ga wani addini ba, kuma har yanzu ana muhawara a kan ko mutumin da ya ce bai san ko akwai Allah ko babu ba zai iya zama mutumin kirki. Masu ganin wannan magana yayin zamanin intanet ce sun makara ƙwarai.

Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin falsafa Protagoras na ƙasar Girka ya ce ba shi da hanyar sanin ko allolin mutanensa suna nan ko ba sa nan. Kalmar agnostik kuwa, wato mai cewa bai san ko akwai Allah ko babu ba, masanin halittu Thomas Huxley ne ya ƙirƙiro ta a Landan a 1869. Waɗannan biyu kowa yana ambatarsu, amma tsakaninsu akwai wata gaɓa da ake tsallakewa, wadda a ganina ita ce ta juya akalar zancen.

A watan Disamba na 1680 wani tauraro mai wutsiya ya bayyana a sararin Turai, jama'a suka firgita, suna ɗaukarsa alamar fushin Ubangiji. Pierre Bayle, ɗan wani limamin cocin Furotesta a kudancin Faransa, wanda ya koma Rotadam ta ƙasar Holand a 1681 bayan an rufe makarantar da yake koyarwa a Sedan, ya wallafa littafi a 1682 domin kwantar da hankalin mutane. Sai dai bai tsaya a kan tauraron ba. Ya ce a dubi sojan da ya yarda da wuta da aljanna, ba ya fashin ibada, amma da an ci gari da yaƙi shi ne kan gaba wajen wawure dukiyar talakawa. Daga nan ya yanke cewa yawancin mutane ba akidar bakinsu ke jan ragamarsu ba, abin da ke tuƙa su shi ne ɗabi'a da sabo da son yabo da gudun kunya da tsoron hukuma. In haka ne, in ji shi, ana iya samun gari sukutum na marasa addini da ke cika alkawari suna hukunta ɓarawo.

Nauyin wannan magana ba ya fitowa sai an tuna cewa a Turai ta wancan zamani rantsuwa ce ginshiƙin amana: da ita shaida ke magana a kotu, da ita ake kama aiki. Saboda haka tsoron da ake yi wa mai shakka ya fi karkata ga alkawari da bashi da shari'a, domin an ɗauka wanda ba ya tsoron lahira ba abin da zai ɗaure harshensa. Bayle kansa, abin mamaki, bai taɓa cewa ya bar addini ba, kuma yana cikin cocinsa har ya mutu a 1706, amma ya rasa kujerarsa ta koyarwa a 1693 a tsakiyar ƙurar da rubuce-rubucensa suka tayar.

Doka ta daɗe ba ta kamo wannan tunani ba. Sai a 1869, shekarar da Huxley ya fito da kalmarsa, aka yarda marasa addini su ba da shaida a kotunan Ingila da alkawarin faɗin gaskiya maimakon rantsuwa. Charles Bradlaugh, wani marar addini da mutanen garin Northampton suka zaɓa a 1880, bai zauna daram a kujerarsa ta majalisa ba sai 1886 saboda takaddama kan rantsuwar kama aiki, sannan dokar 1888 ta bai wa duk wanda ya ce ba shi da addini, ko ya ce addininsa ya hana rantsuwa, damar yin alkawari a madadin rantsuwa.