Wuƙar aljihu

Wuƙar aljihu ƙaramar wuƙa ce wadda ruwanta yake ninkewa ya shige cikin ƙotarta, saboda haka ba ta buƙatar kube, kuma mutum yana iya jefa ta a aljihun riga ba tare da ta yanke shi ba. Ƙusa guda ce take haɗa ruwan da ƙotar, a kanta yake juyawa idan an buɗe ko an rufe.

Irin wannan ƙira daɗaɗɗiya ce, domin an tono wata mai ƙotar ƙashi a Hallstatt ta ƙasar Ostiriya wadda aka ƙera tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Faransa, Joseph Opinel ya fara ƙera tasa mai ƙotar itace a 1890, daga baya a 1955 aka ƙara mata zoben ƙarfe mai kulle ruwan. Wuƙar aljihun da ake kira Okapi kuwa an fara yin ta a Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin a mayar da aikinta Afirka ta Kudu a 1988.

A ƙauyukan Kano da Jigawa ƙananan ayyuka ne nata. Da ita manomi yake yanke igiya ko kaba, ya fere rake, ya gyara asuwaki. Mai goro ya tsaga goro. Almajiri kuma ya fiƙe alƙalaminsa na kara, yana karce gefe da gefe a hankali har bakin ya yi siriri, sannan ya ɗan tsaga tsakiyarsa don ya riƙe tawada. Ana samunta a teburin 'yan koli ranar kasuwa, kamar a Wudil ko Maigatari, galibi ta ƙasashen waje mai araha.

Rauninta yana mahaɗa. Idan ƙusar ta saki, ruwan yakan yi lilo, kuma wadda ba ta da makulli tana iya rufewa a kan yatsu idan aka matsa mata. Wannan ne ya sa mahauta da masu yanka ragon layya suka fi amincewa da wuƙar maƙera mai kube, kuma suna da gaskiya. Ƙurar hunturu tana cushe mahaɗar, ruwan rake kuma yana jawo tsatsa, don haka akan goge ta bayan aiki, a ɗiga mata mai, a wasa bakinta a dutse idan ya dakushe.