Bcc ba ramin munafunci ba ne

Ma'aikatan ofis da yawa a Zariya, daga Samaru har Kongo, sun daɗe suna ɗaukar layin Bcc na imel, wato inda ake sa adireshin da sauran masu karɓar saƙo ba za su gani ba, a matsayin hanyar kai ƙarar abokin aiki wurin oga a ɓoye. Shi ya sa suke gudunsa, sai su jibge adireshin kowa a layin To ko Cc, inda duk mai karɓar saƙon ke ganin adireshin kowa.

A nan ɓarnar take. Sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ya aika sanarwar taro ga mutum 200 a Cc, to ya raba wa kowannensu adireshin sauran 199, har da matan aure da ba su yarda a ba da nasu ba. Mutum ɗaya ya tura saƙon gaba, jerin ya faɗa hannun 'yan damfara. Wani kuma ya danna Reply All, maɓallin da ke aika amsa ga kowa, don ya rubuta "Allah ya kai mu", wayar kowa ta yi ƙara.

Da a Bcc ya zuba su, ya sa adireshin kansa a To, kowa zai karɓi saƙon ba tare da ganin adireshin wani ba, amsa kuma wurin sakataren kaɗai za ta koma. Tun 2023 ma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, adireshin imel kuwa yana ciki.

Sai dai a kula: wanda aka sa a Bcc, in ya danna Reply All, mutanen To da Cc za su ga amsarsa, su gane an saka shi. Kuma Bcc adireshi yake ɓoyewa, ba ya hana kowa tura saƙon inda ya ga dama.