Yaron da ba ya waiwayowa idan an kira sunansa

A wurin awon yara mun saba jin iyaye mata suna cewa, "Nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi." Wani lokaci gaskiya ne. Amma yaron da ya shekara 1 ba ya waiwayowa in an kira shi, ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalmomi biyu ba, a kai shi a duba. Wanda ya fara cewa "inna" kuma ya daina, wannan kada a jira ko mako guda. Yana iya zama galahanga (autism), wato larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, wadda a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kusan yaro 1 cikin 100.

Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta. A yi addu'a, a kuma je sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. A nemi gwajin ji tun farko, domin kurumta ma tana hana magana.

Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Likita kan ba da magani ne idan akwai farfaɗiya ko rashin barci. Abin da ke aiki horo ne, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi karɓarsa kafin shekara 3. Mai koyar da magana zai gan shi jefi-jefi. Uwa, ke ce kike tare da shi kullum.

Idan ya ja hannunki zuwa randa, kada ki yi saurin ɗebo masa. Durƙusa har fuskarki ta daidaita da tasa, riƙe moɗa kusa da idonki, ki ce "ruwa", ki ɗan dakata. Ya kalle ki, ko ya miƙa hannu, ko ya ce "wa", ba shi nan take, ki yaba masa. Haka wajen fura, haka wajen wanka. Kalma ɗaya-ɗaya, dogon zance ɓata masa lissafi yake yi. In murfin kwano yake juyawa, ɗauki naki ki juya tare da shi, sannan ku riƙa karɓa-karɓa.

Maigida, in yaron ya toshe kunne yana ihu saboda ƙarar injin niƙa, ba rashin kunya ba ce, ciwo yake ji. Janye shi gefe. Bulala da kulle shi a ɗaki baya suke mayar da shi.