Zobe mai tsaga (kimiyyar haske)

Zobe mai tsaga ɗan ƙaramin zobe ne na zinariya, azurfa ko tagulla da aka bar wa giɓi a gefe guda, wanda ke amsa wa sashen maganaɗisu na igiyar haske duk da cewa ƙarfen kansa ba maganaɗisu ba ne. Idan igiyar ta ratsa zoben, sai elektaron su shiga zagaye shi, caji ya taru a bakunan giɓin biyu. Zoben da giɓin kan yi aiki tamkar naɗin waya da kafasita (ma'ajiyar cajin lantarki) a cikin rediyo: akwai saurin kaɗawa guda da suke kamawa, a nan ne filin maganaɗisun da zoben ke haifarwa yake yin ƙarfi, har ya saɓa wa wanda ya shigo.

Tarihi

An daɗe ana ɗauka cewa abubuwa ba sa amsa wa maganaɗisun haske. Masana fiziks na Tarayyar Sobiyat, Landau da Lifshitz, sun rubuta haka a littafinsu. A 1967 Viktor Veselago na Tarayyar Sobiyat ya lissafa yadda haske zai karye ta bauɗaɗɗiyar hanya a cikin abin da amsarsa ta lantarki da ta maganaɗisu duk suke ƙasa da sifili. Shekaru kusan 30 babu wanda ya samu irin wannan abu. An yi amfani da zobba masu tsaga a aikin eriya tun wajen shekarun 1950, amma John Pendry na Imperial College a Landan ne ya nuna a 1999 cewa jera su da yawa na ba da maganaɗisu na ƙirƙira. A 2000 David Smith da abokan aikinsa a San Diego suka haɗa su da siraran wayoyi, a 2001 kuma suka auna bauɗaɗɗiyar karyewar ta hanyar amfani da igiyar maikurowef (gajeriyar igiyar rediyo).

Daga nan aka shiga rage girma. A 2004 masana a Karlsruhe ta Jamus suka kai saurin kaɗawa na terahaz 100 (kaɗawa tiriliyan 100 a daƙiƙa) da zobban zinariya, a 2005 suka taɓo tsawon igiya na maikuromita 1.5 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita).

Iyaka

Ƙanƙantar da zobe ba ya ƙara saurin kaɗawa har abada. In aka kusanci hasken da ido ke gani, nauyin elektaron kansu yakan taka birki, ƙarfen kuma ya riƙa mayar da hasken zafi. Shi ya sa aka koma ga tagwayen sanduna da ƙirar raga, sannan tun 2012 ga ƙwayoyin silikon, waɗanda asararsu ba ta kai ta ƙarfe ba. Masana na jayayya kan ko ya dace a kira wannan amsa maganaɗisu na gaskiya.

Amfani

Na'urorin gano sinadarai, matatun igiya da ƙananan eriya.